Ƙafar Inna

Yau na buɗe man zafi, warin ya tuna mini da Inna, uwar mijina. A gadon baya aka yi mata aiki, amma ƙafar hagu ta ci gaba da zogi kamar ana tsira mata allura. Ina murza mata, takan ce, "'Yar nan, baya suka yanka, ina ruwan ƙafa?"

Ranar da harbi ya tashi a unguwarmu, ta kasa miƙewa. Ta ɗaura mini goyona, ta ce, "Bi mutane zuwa garin Nangere." Na tafi. Muka dawo an binne ta. Wasu sun ce ciwon ne, wasu firgici. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Allah Ka sanyaya makwancinta, ni kuma Ka yafe mini.