Ranar da Na Hango Tsakar Gidana Daga Fagen Kokawa

A shekarun baya can, tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu, mu huɗu ne muka hau tudun bayan unguwarmu ta Sarsuf wata Juma'a da la'asar sakaliya: ni, da ɗana na fari mai ɗaukar hoto, da wani ɗan Agadas mai shagon kayan kyamara a kasuwa, sai aminiyata, wadda ɗan nawa ke neman ƴarta. A ƙasan tudun, cikin yashin kori, wato busasshen rafi, samarinmu na Damagaram da Maraɗi masu aikin gini sun ja da'ira za su yi kokawa. Ba su da wani lokaci sai wannan. Da rana suna kan siminti, in suka tashi kuma rana ta kusa faɗawa bayan duwatsu.

Ba son kallo ya kai ni wurin ba. Ɗan nawa hoton kati yake yi wa mutane, sai ƴan kokawar suka matsa masa suna son hotonsu a fage su aika gida. Ya ce daga nesa ake ɗaukar irin wannan, sai da dogon ido da ake ɗaura wa kyamara, wanda suke ce wa zum. Ɗan Agadas ya ba shi aron wani siriri mai tsawo ya gwada. Ɗan nawa kuma da wayonsa, sai ya riƙa hawa soron gidanmu yana auna tattabarai, wai yana koya wa hannunsa bin abu mai gudu. Namiji bisa soro da dogon ƙarfe a ido, a unguwar da kowa ke wanka a tsakar gida. Kafin mako ya zagayo an sa masa suna mai leƙen gidaje. Aminiyata ta zo ta zauna, ko shayi ba ta taɓa ba, ta ce maigidanta ya rantse ba zai ba da ƴarsa ga wanda ake wa wannan kirari ba.

Na ce abin nan ba zai sake kwana a gidana ba. Ya ce, "Inna, ki zo ki gani da idonki tukuna." Ya san ni, ba na yanke hukunci a kan abin da ban leƙa ba. Na ja aminiyata muka tafi.

Ɗan Agadas ya shimfiɗa rawaninsa ya jera idanun kyamara biyu a kai. Ga siririn nan da ya jawo mana magana, ga kuma wani gajere kakkaura, bakinsa kamar na ƙaramin kwano. Na ɗaga shi, na ji nauyi kamar dutsen niƙa. Na tambaya me ya sa gajeren ya fi nauyi, kuma in dogon ya fi kaiwa nesa, me ake nema da wannan. Ɗana ya zaro hotunan da ya ɗauka da dogon a makon da ya wuce. Ban ga mutane ba, sai wasu inuwoyi masu hannu huɗu huɗu kamar an shafa su da tsumma. Ya ce bakin dogon ƙanƙane ne, haske kaɗan yake sha, kuma duk yadda aka ƙara miƙa shi sai ya ƙara duhu. In rana ta yi sanyi dole kyamara ta daɗe da ido buɗe kafin ta ƙoshi, ɗan kokawa kuwa ba ya jiran kowa. Na ce to ya kunna walƙiyar nan da yake kashe wa mutane ido da ita a shago. Ya ce ba ta kaiwa ko rabin fage.

Aka fara kiɗa. Ya ɗaura dogon ya miƙo mini, ya nuna mini inda zan sa ido. Da fari duhu kawai na gani, ashe idon da ke kan ramin na rufe. Ɗan Agadas ya ce, "Hajiya, ɗayan." Na yi kamar ban ji ba, na gyara.

Sai ga ƙirjin wani yaro a gabana, har da layar damtsensa, amma dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin mayafi. Da aka sauya mini kakkauran kuwa, yaron ya ɗan ja baya, amma fagen ya washe kamar an mayar da rana baya. Na ga yashi na tashi daga diddigensa. Na ga leɓensa na motsi, addu'a yake. Na daɗe a haka, har nauyinsa ya ishe ni.

Amma ba wannan na zo gani ba. Na ce a mayar mini da dogon. Na juya wa fage baya na auna unguwa, na murɗa shi har ƙarshe. Ina bin katanga katanga, sai na tsaya a kan wani zane mai ruwan goro a igiya. Na ce a raina matar gidan nan ba ta iya shanya ba. Sai na ga turmi, na ga tulu mai fasasshen baki, na ga ƙanwata da muke gida ɗaya ta fito ba ɗankwali tana sosa kai. Gidana ne. Ni da nake tsaron ƙofa kamar jandarma, ashe ta sama a buɗe nake.

Na miƙa wa aminiyata na ce ta duba. Ta duba, ta yi salati a hankali. Na sa aka ɗaura kakkauran muka sake aunawa. Ana ganin gidajen, amma mutum bai wuce ƙwayar dabino ba, ba ka cewa wane ne.

Na ce wa ɗana, "Zancen mutane ba ƙarya ba ne, abin nan yana leƙe. Kai ne ban sani ba ko ka leƙa." Ya ce wallahi tattabarai ne. Na dube shi, ya dube ni bai sunkuyar da kai ba. Tun yana rarrafe na san yadda ƙaryarsa take, ba haka take ba. Na ce ya mayar da dogon yanzu a gaban uwar yarinya, kuma ƙafarsa da soro har abada. Ya ce shi ma dama kakkauran yake so saboda haske. Ɗan Agadas ya so ya yi mana wa'azin cewa dogon ya fi sauƙin ɗauka, na ce ya naɗe kayansa. Aminiyata ta ce za ta gaya wa maigidanta abin da ta gani, kuma ta gaya masa. An ɗaura auren bayan Babbar Salla.

Har yau in na tuna, ba hukuncin ke dawo mini ba, leɓen yaron nan ne da ke motsi. Na sha wucewa ta gefen fagen ina tsaki, ban taɓa sanin suna tsoro kafin su kama juna ba. Kuma har yau ban gane yadda gilashi ke shan haske ba, na tambaya har an gaji da ni.

Washegarin ranar da muka hau tudun, da sassafe na tare biyu daga cikin ƴan kokawar a hanyarsu ta zuwa aiki, na kai su bayan gida na nuna musu katangar da ke fuskantar tudu. Na ce su ƙara mata tubali, kuma ni zan hau tudun in faɗi inda za su tsaya.