Ranar da Na Kira Aradu Ta Raba Mana Gardama

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Duk wanda ya san ni tsakanin Rano da Kibiya zai yi mamakin jin wai ni ne na zauna na rubuta abin da ba na dariya ba, domin ni mutum ne da ko a zaman makoki sai an zaunar da ni can gefe, kada in sa wani ya ƙyalƙyale a gaban masu rashi. Lokacin da abin nan ya faru, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ina sabon magidanci, da mata ɗaya da 'ya'ya biyu da jaki ɗaya, ina yawon sayar da gishiri da kanwa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Kayana kaɗan ne, bakina ne babban jarina. In na ga ɓera a hanya, kafin in isa Zinyau ya zama kura, kafin in shiga Rano ya zama zaki har da 'ya'yansa. Mutane sun san shara ta nake yi, suna kuma so, ni ma babu abin da nake so a duniya kamar in ga dattijo ya riƙe ciki yana share hawaye saboda maganata.

A bakin kasuwar Rano akwai wani tsohon soja mai gyaran keke, wanda ya girme ni da kamar shekara goma. Ɗan gari ne, amma tun da ya dawo ya zama kamar baƙo. Ba ya hira, ba ya faɗa da kowa, ba a kuma cika ganinsa a masallaci ba. A inuwar rumfarsa muke zama in kasuwa ta yi sanyi. Wata rana a tsakiyar rani, wani dattijo mai sayar da igiya ya matsa masa da tambayar abin da ya raba shi da jam'i. Soja ya daɗe yana juya ƙafar keke kafin ya amsa. Ya ce shi bai ce babu Allah ba, amma a dajin da aka kai su ya ga mai salla ya mutu da carbi a hannu, ya ga wanda bai taɓa duban gabas ba ya dawo ko ƙwarzane babu, har ya kasa gane ko akwai mai lura da abin da ke faruwa. Ya ce in da wanda zai ba shi hujjar da zai riƙe kamar yadda yake riƙe da sifanan hannunsa, zai gode masa. Wani ya ce ya dubi sama da ke tsaye ba ginshiƙi. Wani ya tambaye shi wa ya ƙaga shi a cikin uwarsa. Soja ya ce duk ya ji waɗannan, kuma wani likitan Bature a bataliyarsu yana da amsar kowace, shi kuwa ya saurari ɓangare biyun har ya gaji bai ga wanda ya kayar da wani ba. Wuri ya yi tsit. Ni kuwa shiru bai taɓa zama lafiya kusa da ni ba.

Na miƙe na karkaɗe riga, na ce kowa ya huta, gardamar da ta gagari malamai da likitoci yau mai kanwa zai raba ta kyauta. Na ɗaga hannu sama na ce in dai akwai Allah, to aradu ta faɗo mini a ruwan farko na bana kowa ya shaida, in kuwa ruwa ya sauka ya ɗauke ina nan da raina, Soja ya ci gardama. Astagfirullah. Ban taɓa shakkar Ubangijina ba ko na yini ɗaya. Abin da na duba kawai, sama fes take, damina da sauran wata uku, kuma a wajenmu rantsuwa da aradu da rani abin wasa ce, ko masu cuwa-cuwar kasuwa suna yi don sun san babu hadari. Na tsaya ina jiran dariya. Babu wanda ya ko murmusa. Mai igiya ya janye buzunsa daga kusa da ni yana salati. Soja ya dube ni ya ce, kai mai kanwa, ni ba wannan na nema ba.

Kafin kasuwa ta sake ci maganar ta riga ni zuwa Saji, ta riga ni zuwa Kibiya, kuma a karon farko a rayuwata wasu ne suka ƙara wa labarina gishiri. Wai na zagi sama, wai na jefa mata takalmi. Na tafi wurin limamin unguwarmu a guje. Ya saurare ni, ya ce kalma ce mai nauyi ko da wasa aka yi ta, ya sa na sake kalmar shahada na yi istigfari, ya ce ƙofar tuba a buɗe take. Na ce to Allah gafarta malam, ke nan an soke maganar aradun? Ya ce shi liman ne, ba a ba shi takardar abin da aka karɓa da wanda ba a karɓa ba, in je in yi ta roƙo. Bayan kwana biyu surukina ya zo daga Tarai da kansa. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba. Ya ce ba ya so a yi rigima, amma 'yarsa da jikokinsa ba za su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ni ba sai ruwan farko ya wuce an ga abin da Allah zai yi. Matata ta fita tana kuka, tana cewa dama ta sha gaya mini bakin nan sai ya kai mu inda ba ma so.

Da na zauna ni kaɗai a gida na gane irin ramin da na haƙa. In aradu ta faɗo, na mutu. In ba ta faɗo ba, ni da bakina na ce Soja ya yi gaskiya. Abin da ya fi tsorata ni kuwa shi ne idon mutane. Mutanen kirki, waɗanda muke sahu ɗaya da su, waɗanda suka ci tuwon sunan 'ya'yana, na ga suna kallona kamar ragon da aka riga aka yi cinikinsa. Ba ƙina suke ba. Amma na sa imaninsu a gefe guda, raina a gefe guda, na ce su zaɓa, to wanne za su zaɓa? Wata tsohuwa mai sayen kanwa a wurina ta ce mini cikin tausayi, ɗan nan Allah Ya sa ka cika da kyau, ta karɓi kanwarta da bakin zani don kada hannunmu ya haɗu.

Da bazara ta shigo, gajimare ya fara leƙowa daga gabas, na zama wani iri. An ce ƙarfe na kiran aradu, na raba kaina da duk wani ƙarfe. Wuƙata na ba maƙwabci, zoben azurfata na binne, ko allura na gani a ƙasa sai in yi mata kwana kamar na ga kububuwa. Na rame har wandona ya koma zagaye ni sau biyu, wannan kuma ko na ƙara, kaɗan na ƙara. In iska ta kaɗa a kasuwa, sai in ga fili ya buɗe a kewayena, kamar an share don dambe.

Sai ruwa ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Waɗanda suka yi binne irinsu ya fara lalacewa a ƙasa, rijiyoyi suka ja baya, aka fara cewa bakin mai kanwa ne ya riƙe sama. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, har da dabbobi. A nan ne na yi abin da ya fi rantsuwar muni, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ina sahun baya, hannuna a sama, leɓena na cewa amin tare da jama'a, amma zuciyata roƙo take kada ruwan ya zo. Gari guda na kuka saboda abincin 'ya'yansu, har da nawa 'ya'yan, ni ina roƙon a ƙara mini mako guda. Kuma Wanda nake roƙo a ɓoye Shi ne dai Wanda na ce a gwada a gani ko yana nan.

Ranar kasuwar Kibiya ce, bayan azahar, gabas ta yi baƙi irin wanda ban taɓa gani ba, iska ta tsaya cak, aka ji ƙanshin ƙasa. Kowa ya san wannan ba mai watsewa ba ne. Na nufi wata rumfa, masu ita suka ce in yi wa Allah in yi gaba. Na nufi ta biyu, wani mahauci ya ɗaga hannu ya ce, mai kanwa, ba mu da faɗa da kai, amma alƙawarinku ne kai da sama, ka je ku gama can. Ban ga laifinsu ba. Na kora jakina na kama hanyar Rano. Tsawar farko da aka yi, jakin ya watsar da kaya ya yi daji, shi ma bai yarda da ni ba. Na bar hanya na shiga wata gona da babu itace a tsakiyarta, na kwanta rubda ciki a cikin kunyar gonar, na rufe kai da hannu. Ruwa ya kece. Kowace walƙiya ina ganinta ta cikin fatar idona, in ce wannan ce, sai ƙarar ta wuce in ji ina numfashi. Na yi shahada har ban san adadi ba, na kira sunan uwata da ta daɗe da rasuwa, na ci ƙasa ban sani ba.

Cikin haka na ji ƙarar sarƙar keke. Na ɗaga kai, sai ga Soja, jiƙe sharkaf, yana turo kekensa cikin taɓo. Ashe shi ma ya ci kasuwar, ya ga korar da aka yi mini, ya biyo ni. Na kwarma ihu na ce ya rufa mini asiri ya yi nesa da wannan tarin ƙarfe, so yake ya nuna wa aradu hanya? Ya jingine keken can bakin gona, ya zo ya kwanta a kunyar da ke kusa da tawa, ya ce in ƙara sunkuyar da kai, haka suke yi in ana ruwan harsashi. Na ce ya tafi kada a haɗa da shi. Ya ce ya bar mutane da yawa su mutu su kaɗai, ba zai ƙara ba. Ya ce in ta faɗo mini, mutanen gari za su ce Allah ne, likitan nan zai ce mutum ne ya kwanta a fili da hadari, in kuma ba ta faɗo ba, ban nuna masa komai ba, don abin da ke cinsa ba irin wanda tsawa ke amsawa ba ne. Na ce, yaya Soja, don Allah mu yi shahada tare. Sai ya miƙo hannu ya riƙe wuyan hannuna gam, ya ce in yi, yana ji.

Ban gama ba aka yi wani haske fari fat, da ƙarar da na ji ta a cikin haƙorana. Na tabbata na mutu, har na fara mamakin yadda lahira ke da taɓo. Da na buɗe ido, wata giginya can ƙarshen gonar ta tsage tana hayaƙi cikin ruwa. Mu biyu ko gashinmu bai ƙone ba. Muka kwanta a nan har ruwa ya tsagaita, sannan ya ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni gida.

Kada mai karatu ya zaci giginyar ta raba gardama. Wasu suka ce gargaɗi ne, an nuna mini da an so da an yi. Wasu samari suka ce ai itace mafi tsawo aradu ta saba faɗa wa, ko da mai kanwa ko babu. Kowa ya ɗauki abin da ya zo da shi ya koma gida. Ni dai an yafe mini da wuri, don an yi ruwa, an yi shuka, kuma an san ni da wauta. Matata ta dawo. Soja ne abin ya ƙare a kansa. Aka ce shi ya fara kawo maganar, aka daina kai masa keke, aka daina zama a rumfarsa. Ni da ya kwanta a taɓo saboda ni, ban buɗe baki na faɗi abin da ya yi ba, don ina tsoron a sake haɗa ni da shi. Kafin kaka ya ɗaure kayan aikinsa ya hau mota zuwa Kano. Na neme shi daga baya, ban same shi ba, ban kuma san a kan me ya ƙare ba.

Abin da na koya, Ubangiji ba abin gwaji ba ne, ba a sa Masa rana a ce Ya zo Ya ba da shaida. Ni na san Wanda na kira da bakina cike da ƙasa, wannan ya ishe ni, amma ba abu ne da zan iya ciro shi in ɗora a tafin wani ba, kuma wanda ya ce zai nuna babu, shi ma bai fi ni abin nunawa ba. Ina jan kunnen masu baki irin nawa, akwai wurin da in shiru ya sauka, a bar shi ya zauna. Ina kuma roƙon jama'a, in mutum ya dawo daga wata masifa da tambaya mai nauyi a ransa, kada a yi masa taron dangi, kada a mai da shi abin wasa, a zauna kusa da shi a ji ciwonsa. Har gobe ina ba mutane dariya, amma duk sallar da na yi sai na roƙa wa mutumin nan shiriya da rahama, in yana raye ko ya riga mu. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya taya ni da amin.