Yayen da Bai Ƙare Ba

Assalamu alaikum Edita, da kai da masu karatu ina yi muku fatan alheri. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuto ta, domin irinmu ba mu saba kai kuka ba, mu ake kawo wa. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A lokacin da abin ya faru ni nas ce a nan Potiskum, ina aiki a ɗakin yara, shekaruna ba su kai talatin ba, kuma in za a bi gaskiya ina ji da kaina. Ni ce mai barkwancin ɗakinmu. In yaro ya ƙi allura ni ake kira, in tsaya ina yi masa tsiya, ƙato guda da shi yana tsoron abin da bai kai tsinken tsire ba, kafin ya gama hararata na gama aikina. Abokan aiki suna ce mini mai busasshen ido don ba a taɓa ganin hawayena ba, ni kuwa ina jin daɗin sunan kamar sarauta aka naɗa mini. Mijina direban tirela ne, yana ɗaukar shanu daga kara zuwa Kudu, in ya tafi sai ya daɗe bai dawo ba. Allah ya ba mu 'ya ɗaya, mace. A lokacin ta fara tafiya tana dafa bango, tana shan nono, kuma ba ta yarda da kowa sai ni. Ko wanka na shiga sai ta zo bakin ƙofa ta tsaya tana bugawa.

Ana nan sai mashaƙo ya shigo gari. Ga wanda bai sani ba, ciwo ne da ke kama maƙogwaro, wuya ya kumbura, wata fata mai launin toka ta shimfiɗu a can ciki ta toshe hanyar numfashi, kuma yara ya fi kamawa. Aka keɓe wuri don masu ciwon, aka nemi waɗanda za su yi aiki a ciki, ni da bakina na ce zan shiga, ban yi shawara da kowa ba. Sai da na koma gida 'yata ta rarumo ƙafata sannan na tuna ciwon nan ta tari da numfashi ake ɗaukarsa. Yarinyar an yi mata riga-kafinta cikakke, ni da hannuna na kai ta, amma duk da haka hankalina ya ƙi kwanciya. Sai na yanke shawarar in yaye ta. Kowa ya san yadda muke yi, in za a yaye yaro a kai shi wajen kakarsa ya ɗan kwana biyu ya manta da nono, sannan a je a ɗauko shi. Na kai ta Fika wajen surukata, mahaifiyar mijina, mace mai haƙuri da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta dubi yarinyar ta ce mini ai ba ta isa yaye ba, in bari ta ƙara ƙwari, ko kuma in bar wa marasa goyo wannan aikin. Na mayar da maganar wasa, na ce mata kishiyarta ce ba ta so a kawo mata, kuma mako biyu ne ko uku in dawo in ɗauke abata. Ta yi murmushi ta karɓe ta. Aka ba yarinyar ƙosai a hannu aka juya mata baya, ni kuma na sulale ta zaure kamar yadda ake yi, ban yi mata sallama ba.

Abin da na tarar a wurin nan ba zan iya kwatanta shi duka ba. Muna cikin rigar kariya da takunkumi, gumi yana bin ƙafa har cikin takalmi, nonona ya cika ya yi tauri yana zuba a cikin rigar, ni kuwa ina riƙe da 'ya'yan mutane. Aikinmu na farko a kan kowane yaro shi ne a taɓa wuyansa, a danne harshe, a haska fitila a duba maƙogwaro. Yaron da ya ƙi buɗe baki sai a naɗe shi da zani, a matse shi tsakanin gwiwoyi, a toshe masa hanci har ya buɗe don kansa. Mun yi wannan har hannuna ya iya shi ba tare da na yi tunani ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarar numfashinsu, wani irin gurnani kamar ana jan zarto a ɗanyen ice. In ɗakin ya yi tsit a gado ɗaya, mun san abin da ya faru tun kafin mu juya.

Wata rana aka kawo wata yarinya daga wata ruga ta wajen Mamudo, sa'ar 'yata, har da irin kitson da nake yi mata. Sun ɗauka belu ne, sun kai ta wajen wanzami, sai da wuya ya kumbura sosai sannan suka taho. Mun yi iyakar abin da za mu iya, amma lokaci ya riga ya wuce, a hannuna ta cika. Uwar Bafulatana ce, yarinya ƙarama, ba ta yi kuka ba, ba ta ko motsa ba. Da 'yar Hausarta da ba ta gama nuna ba ta tambaye ni, shin da ta buɗe bakin yarinyar ta leƙa tun ranar farko, da ta rayu? Na ba ta amsar da muke bayarwa, na ce kwana ne ya ƙare, ta yi haƙuri. Amma a cikin raina amsar da na ba ta daban ce, na ce e, da kin duba da wuri da tana nan. Wannan amsar da ban furta ba ita ce ta zauna mini a ƙirji.

Daga nan na fara canzawa, ban kuwa lura ba. Barci ya ƙaurace mini, in na rufe ido sai in ji gurnanin nan a kunnena. Tuwo ya daina wuce mini. Barkwancin ya tafi, na koma mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A unguwa kuma mutane suka ja jiki, maƙwabta suka hana yaransu shigowa gidana, na je suna aka ware mini kofi daban, ana yi ana ba ni haƙuri. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya yi mini ciwo. Sau ɗaya na gwada faɗa wa wata babba a wurin aikinmu cewa ba na jin daidai. Ita ma idonta ya faɗa, ta kalle ni ta ce in yi tawakkali, aikin lada muke yi, kuma in mai busasshen ido ta karaya to wa zai tsaya. Na yi dariya na ce wasa nake yi. Mijina da na ɗan taɓa masa maganar ta waya ya ce sannu, in riƙa shan fura, gajiya ce. Mako uku da na ce ya zama watanni.

Da ciwon ya lafa na tafi Fika ɗauko 'yata. Da farko ta ɓoye a bayan kakarta tana leƙena, can sai ta taho a hankali ta hau cinyata ta sa hannu a rigata kamar yadda ta saba. Edita, a nan ya kamata in rungume ta in yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Amma sai na ga yatsuna sun tafi wuyanta suna lalube. Na ce wa kaina sau ɗaya ne, don in tabbatar. Muna isa gida na ɗauko cokali, na kunna fitilar waya, na ce ta buɗe baki. Ta buɗe tana dariya, ta ɗauka wasa ne. Ban ga komai ba, hankalina ya kwanta na ɗan lokaci, sannan wata zuciya ta ce mini anya na duba can ciki sosai kuwa.

Haka abin ya fara. In ta yi tari in duba, in ta ƙi cin abinci in duba, in ta tashi daga barci muryarta ta ɗan dishe in duba. Da ta gane ba wasa ba ne ta fara datse haƙora, ni kuma hannuna ya san abin yi, sai in naɗe ta da zani, in matse ta tsakanin gwiwoyina, in toshe mata hanci. 'Yar cikina, a tsakar ɗakina, ba ta da ciwon komai. Tana kuka maƙogwaron ya yi ja, ni kuma in ga jan in ce ga shi nan ya fara, in sake dubawa. Na san abin da nake yi ba daidai ba ne, wallahi na sani, in na gama sai in zauna ina ba ta haƙuri, in yi alkawari na daina. Amma da na tuna tambayar Bafulatanar nan sai in ga gara ta yi kuka da in zo ina cewa da na duba. Yarinyar da ke bina har bakin banɗaki ta koma in ta ji motsin cokali a kwano sai ta shige bayan ƙofa.

Ranar da asirina ya tonu mijina ya dawo daga tafiya da hantsi, ya shigo ya same mu a haka, dasashinta yana jini inda cokalin ya kurje. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya karɓi cokalin daga hannuna ya ajiye, ya warware ta daga zanin, ta maƙale a wuyansa ta ƙi ko kallona. Washegari ya ce zai kai ta Fika ta ɗan huta, ni ma in huta. Ni na haɗa mata kayanta. Dangi suka ce iska ce na kwaso a wurin da mutane suka yi ta mutuwa, aka yi mini ruƙiya, na sha rubutu, aka yi hayaƙi, na karɓa duka don ya fi mini sauƙi a ce aljani ne da a ce kaina ne ya taɓu. Na san akwai likitan da ke duba irin wannan damuwa, ni kaina na sha tura mutane wajensa. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ina tunanin abokan aiki su gan ni a kan bencin masu jiran ganinsa, a ce mai busasshen ido ta zare. Sai da na shafe fiye da shekara ina wannan girman kan sannan na je. Ya saurare ni, ya ce abin da ya same ni sananne ne ga waɗanda suka yi aiki a cikin annoba, yana da magani, kuma da na zo tun farko da bai kai haka ba. Na samu sauƙi, ina barci yanzu, na bar ɗakin yara na koma inda ake ba manya magani. Sai dai abin da ya lalace tsakanina da 'yata ba ya cikin abin da ƙwaya ke gyarawa.

Abin da na koya shi ne mai jinya ma mutum ne, abin da ido ya gani ba ya tsayawa a bakin ƙofar asibiti, yana bin ka har gida ya nemi wanda ka fi so. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya, in annoba ta wuce kuka ga barci ya ƙi, ko hannunku yana yin abin da ba ku sa shi ba, kada ku jira, ku faɗa, ku nemi taimako tun kafin ku taɓa na kusa da ku. Kirarin jarumta ba ya riƙe kowa ranar da zai faɗi. Manyanmu, in ƙaramin ma'aikaci ya ce ba ya jin daidai, kada ku rufe masa baki da maganar lada, ladan yana nan, amma ku zaunar da shi ku ji. Mazaje da iyaye, ku lura da wanda ya dawo muku daga irin wannan aiki ya yi shiru. Mai goyo kuma ta yi tunani sosai kafin ta ce mako biyu ne.

'Yata tana Fika har yanzu, ta girma, an sa ta a makarantar allo. Babu wanda ya hana ni ita, surukata kullum cewa take duk ranar da na shirya in zo in ɗauka. Sau biyu muna gwadawa, tun daga tasha take kuka har sai an mayar da ita. Yanzu Bolanci, yaren mutanen Fika, ya fi kama bakinta, ni kuwa ba na ji sai gaisuwa. In na je ba ta guduna, tana durƙusawa ta gaishe ni da ladabi, amma ba ta cin abinci a gabana, ba ta dariya, bakinta a rufe yake har in tafi. Zuwan da na yi na ƙarshe na kai mata takalmi, ta karɓa da hannu biyu, ta je ta raɗa wa kakarta wata magana. Na tambayi tsohuwar me ta ce, ta kau da kai ta ce shirmen yara ne. Na nace, na haɗa ta da Allah, sannan ta faɗa mini idonta cike da hawaye: tambaya take yi yaushe baƙuwar za ta tafi. Sai na ce a gaya mata da la'asar. Da la'asar ɗin kuwa na tafi.