Ranar da Na Yi wa Mihrije Wanka

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za a mayar da mu. Ranar Talata, ashirin da bakwai ga Disamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mihrije Peci, matar marigayi Ramush mahaƙin dalma, a ɗakinta da ke nan tudunmu, arewa da kogin Ibar. Shekarunta saba'in da tara. Ta bar ɗa ɗaya, Bislim, da jikoki huɗu. Ta kuma bar ni, Sadete, maƙwabciyarta ta shekara hamsin da ɗaya, ko sallama ba ta yi mini ba.

Mihrije, karatuna a aji huɗu ya tsaya, ke ce ma mai yi mini gori a kai. To yau ga 'yar aji huɗu tana rubuta ki a takarda, babu bakin gyara mata.

Da aka raba garinmu Mitrovica gida biyu, kogi ya zama iyaka, danginmu suka kwashe suka koma kudu, arewa ta zama ta Sarbiyawa. Mu gida goma sha tara muka tsaya a kan tudu. 'Yan jarida suka ce jarumta ce, ke kika ce ai mun riga mun dasa barkono ne. Tun daga nan masallacinmu yana ƙetare, likitanmu yana ƙetare, 'yar motar da ke kai mu sau biyu take sauka a rana. A cikinta kowa yakan kama bakinsa har a haye gada, don kada a ji yarenmu ta taga. Ni kuwa shiru ciwo yake sa mini. Shekara ashirin da uku kina mintsinina a cinya ɗaya, har yau wurin bai koma daidai ba.

Mutane sun san ki da barkonon tsami da shayi mai kauri, amma babban aikinki wani ne. Duk macen da ta rasu a tudun nan, ke kika wanke ta. Ko guntun sabulun da ya rage ba ki taɓa ɗauka ba, kuma abin da idonki ya gani bai taɓa fita ta bakinki ba. Na gwada ki iyakar gwadawa. Na ce, "Ke tsohuwa, tsakaninmu, haƙoran zinariyar marigayiya Zymrije na gaske ne?" Kika ce, "In kin je ki tambaye ta."

Abu ɗaya kika roƙe ni, na hana ki.

"Sadete, zo ki riƙe mini buta ko sau ɗaya."

"Ni? Ni da ko kaza za a yanka sai na shiga ɗaki?"

"To ranar da na mutu wa zai wanke ni?"

"Ke za ki mutu? Ai mutuwa ma sai ta nemi takardar izini kafin ta hau tudun nan. In ma ta hau, ga mata cike a kudu, tafiyar minti goma."

"In hanya a buɗe take, uwar surutu."

Da kika ga ba zan zo ba, sai kika koma karanta mini da baki muna gasa barkono a tsakar gida: alwala tukuna, dama kafin hagu, sau uku, kafur a na ƙarshe, gashi kitso uku. Ni kuma na riƙa rera waƙar biki da ƙarfi don kada in ji.

Ranar Talatar nan muka wayi gari an gitta manyan motoci an tare hanya. Motarmu ba ta hau ba, wuta ma an ɗauke. Bislim ya yi ta buga waya. Liman ya ce zai lallaɓo da ƙafa ta ƙaramar gada, amma matar da ke wankan gawa a kudu ta girme ki, da sanda take tafiya. A tudu kuwa tsofaffin da suka rage, ɗaya ba ta gani, ɗaya tana kwance. Sai ga Bislim a ƙofata, mutum mai furfura, hularsa a hannu. Ya ce, "Inna Sadete, ko dai ke, ko mu sa ta a ƙasa haka nan."

Na ce, "Ɗana, ban iya ba." Ya ce, "Ta ce kin iya."

Milunka, maƙwabciyarmu Basarbiya, wadda kika yi kwana bakwai kina zama da ita da mijinta ya rasu, ita ta dafa ruwa a murhunta na itace. Tukunya huɗu ta ɗauko a cikin ƙanƙara, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Ta ce, "Taɓa ki ji, Sadete, kada ya yi mata zafi. Kin san ta, ko shayi sai ta hura."

Na buɗe akwatinki neman likkafani. Ƙyalle biyar, a goge, kowanne kin maƙala masa lamba da ƙaton rubutu, irin wanda 'yar aji huɗu ba za ta ɓace ba. A kan na farko ga 'yar takarda: "Sadete, da wannan za ki fara. Ki share fuskarki, kina jiƙa mini kaya."

Valdete, matar Bislim, ta riƙe buta. Na rufe ki da zane, na yi miki alwala, na fara da dama. Ashe duk waƙar nan da nake yi, kunnena yana aikinsa. Sau biyu kaina ya kulle, na ce, "To sai me kuma, tsohuwa?" Valdete ta zaci da ita nake. Da na zo kitso, na uku ya fito a karkace. Na bar shi haka, don na kasa sake taɓa kanki.

Kafin magariba maza suka ɗauke ki a kafaɗa zuwa maƙabarta, wadda Allah Ya sa tana ɓangarenmu. Da suka sha kwana, na waiwaya wajen tagarki in tambaye ki ko na yi daidai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bislim da Valdete, da jikokinki na nan da na Jamus da hanya ta hana su zuwa, da Milunka, da sauran gidajen tudu. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan Mihrije, Ya yalwata kabarinta, Ya suturta ta yadda ta suturta matan tudun nan ɗaya bayan ɗaya, Ya sada ta da Ramush a Aljanna. In kuwa akwai inda na kuskure a wankanta, ya Allah, kada Ka duba ta. Ta koyar, ni ce na ƙi zuwa.