Kwalbar Turaren Yaya Haruna

Duk wanda ya san Yaya Haruna ya san hancinsa ke fara amsa sallama kafin bakinsa. Ka miƙa masa hannu, sai ya riƙe, ya jawo ka kamar zai gaya maka asiri, ya sunkuya ya sunsuni hannun rigarka, sannan ya ɗago ya ce, "Wa'alaikumus salam. Nawa suka cuce ka?" Haka yake yi wa ɗan tireda, haka yake yi wa liman.

Ni ce ƙanwarsa. Mu bakwai uwarmu ta haifa, shi ne babba, ni ce auta, kuma da Auta yake kirana har na yi jikoki. Yau ni kaɗai na rage. Kun dame ni in ba ku labarinsa don ku yi dariya, to zan bayar. Amma ku sani akwai wata 'yar kwalba a ƙasan adakata, kuma duk dariyar da za mu yi a kanta za ta ƙare.

Manomi ne, gero da dawa da ɗan wake. Bai taɓa sayar da turare ba, kuma in ka cire sau ɗaya da zan zo kansa, bai taɓa sayen wanda ya wuce kuɗin goro ba. Amma duk Daura babu wanda ya kai shi sanin turaren maza. Kowace Juma'a da hantsi zai yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya nufi layin masu turare a kasuwa. Jikinsa a rabe yake kamar gonar gado. Hannun dama na Malam Idi ne, mai rumfar farko. Hannun hagu na maƙwabcinsa. Gemu na wani, hula ta wani, wuyan riga na mai sabon kaya. Kowa zai zaro ɗan tsinken nan na cikin kwalba ya goga masa na gwaji. Shi kuma ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya faɗi maganarsa da kuka sani:

"Bari mu ga ko zai kai la'asar."

A wajensa wannan ne kawai ma'aunin turare. Ba sunansa ba, ba kwalinsa ba. Wanda aka shafa da hantsi, aka yi gumi da shi a sahun Juma'a, ya kuma kai la'asar da ransa, shi ne turare. Sauran duk ruwa ne da aka sa wa hula.

Malam Idi ya taɓa gajiya. Ya ce, "Malam Haruna, shekara ashirin kana gwaji. Yaushe za ka saya?"

Ya ce, "In na gama bincike."

"To yau babu gwaji."

Yaya bai yi musu ba. Ya koma gefe ya tsaya. Can wani alhaji ya zo, aka goga masa almiski mai kyau a bayan hannu, ya saya. Yana juyowa Yaya ya tare shi da hannu biyu, ya riƙe nasa, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, yana murza hannun bawan Allah, mutumin da bai taɓa gani ba. Da ya sake shi sai ya shafa a gemu, ya leƙa rumfa ya ce, "Idi, wannan ka sirka shi da mai. Azahar ma da ƙyar." Malam Idi ya ce tun daga ranar ya gane gara ya ba shi da hannunsa, ko ba komai ba zai tona masa asiri a gaban masu saye ba.

Ana nan, ana nan, ɗana Musa da ke aiki a Abuja ya zo gida da wani turaren fesawa, kwalbarsa kamar a sa a kabad a yi ta kallo. Ya fesa, ya je gaida kawunsa. Yaya ya sunsuna ya ce, "Nawa?" Musa ya faɗa. Yaya ya zauna a kan turmi.

"Kuɗin tunkiya ke nan, da ɗanta."

"Kawu, ai mai kyau ne."

"Za mu gani."

Ya yago tsumma biyu daga tsohuwar riga. Ɗaya ya fesa masa na Musa. Ɗaya ya ɗiga masa ɗan ɗuri, irin wanda ake auna wa talaka a ƙaramar kwalba. Ya ɗaure su a reshen darbejiya, dab da turken awaki, ya ce can ne filin gaskiya. Ya hana Musa fita, ya zauna yana gadi. Da aka yi la'asar ya sa na rufe idona da mayafi, ya kawo mini tsumman ɗaya bayan ɗaya.

"Auta, wanne ke da rai?"

Na farko na ji ƙamshi. Na biyu na ji akuya.

Musa ya ce, "Kawu, wannan fa daga Faransa aka kawo shi."

Yaya ya ce, "To ya koma gida ke nan." Sai kuma ya miƙa hannu. "Bar kwalbar nan wajena in ci gaba da bincike." Sallah huɗu ya yi da ita, yana fesawa yana zaginta.

Yanzu ga sau ɗayan da na ce zan zo kansa. Wata shekara wake ya yi kyau, wani tsohon falke ya sauka kasuwa da kaya daga Gabas. Yaya ya je gwaji kamar kullum. Tsohon ya ce akwai wanda ba a gogawa, murfin kawai ake sunsunawa. Waɗanda ke wurin sun ce Yaya ya kai murfin hanci, ya yi shiru, bai ce a jira la'asar ba. Ya juya gida, ya kwance ragon da yake kiwo, ya sayar, ya dawo ya karɓi 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsana ba. Abin da ke ciki baƙi ne, mai kauri kamar tsohuwar zuma.

Gidana ya kawo ta, a naɗe cikin tsumma. Lokacin matarsa ta riga ta rasu.

"Auta, wannan na likkafanina ne. Ranar da na mutu, ke za ki ba masu wanka."

"Yaya, ka ajiye a ɗakinka mana."

"Hancina ba shi da amana. In tana ɗakina zan buɗe. Kuma kada ki gaya wa kowa. Yaran nan in suka ji, kafin in mutu sun je zance da shi."

Na karɓa. Na yi alkawari. Ko 'ya'yansa ban gaya wa ba.

Ya ɗaura wani baƙin zare a wuyan kwalbar, daidai inda turaren ya tsaya. Duk Sallah, ƙarama da babba, in ya ci tuwona sai ya ce a rufe ƙofa a fito da ita. Ya ɗaga ta saitin taga, ya kanne ido ɗaya.

"Auta, kamar ya ragu."

"Zaren ne ya hau."

"Zare ba ya hawa. Sauka yake yi."

"To idonka ne ya ragu."

Sai ya yi dariya har da tari. Wata rana na ce, "Yaya, buɗe mu ji mana, ko sau ɗaya. In ya lalace fa?" Ya ce, "In na buɗe ya fara tafiya ke nan. Tare za mu tafi." Shekara goma sha ne muna haka, ban san ƙamshin abin da nake gadi ba.

Daminar da ta wuce waccan, jikata da ke aure a garin Babban Mutum ta haihu, aka ce in je in zauna mata kwana arba'in. Na tsaya gaban adaka ina tunani. Gida cike da yara, makullin ya tsufa, ɗakin yana yoyo. Na ce amana ba a barinta a baya. Na ɗauko kwalbar na ƙulle a bakin zanena na tafi da ita. Na ɗauka dabara na yi. Da na bar ta inda take, da waya ɗaya ta isa a ce su fasa adaka.

Ranar Juma'a ta uku da zuwana, da hantsi, mijin jikata ya shigo da waya a hannu, ya kasa kallona. An ce Yaya ya fita zagayensa na layin masu turare. Malam Idi ya goga masa a hannun dama, ya kai hanci, ya ce zai ɗan zauna. Ya zauna a bencin rumfar, ya jingina da bango. Shi ke nan.

Na karɓi wayar, na ce wa babban ɗansa, "Ku jira ni, akwai saƙonsa a hannuna."

Ya ce, "Gwaggo, wane saƙo?"

Na ce, "Turarensa."

Ya ce, "Gwaggo, turare ai ga shi nan ko'ina. Liman ya ce da an idar da Juma'a za a sallace shi, jama'a na nan, kuma ana zafi."

Ban ga laifinsa ba. Bai san da kwalbar ba, ni na ɓoye masa. A kunnensa tsohuwa ce kawai ta ruɗe.

Na fita tasha ko takalmi ban daidaita ba. Motar Daura saura mutum huɗu ta cika. Na roƙi direba, ya ce, "Iya, sai an sauko daga masallaci za a samu mutane." Na zauna a cikin motar nan, hannuna a kan ƙullin zane, ina jin huɗuba daga lasifika. Mun tashi, mun tsaya a Baure an sauke buhuna, mun tsaya an ɗauki mai kaji. Ina shiga unguwarmu ana kiran la'asar, maza suna dawowa daga maƙabarta da ƙasa a ƙafafunsu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jiran la'asar, shi bai kai ta ba, ni ma ban kai masa ba.

Da yamma aka ce Malam Idi yana zaure yana son yi mini gaisuwa. Na fito na tsuguna daga bakin ƙofa. Ya ce, "Iya, an ce kina kuka a kan turare. Ki kwantar da hankalinki. Duk layinmu mun rufe rumfa mun zo. Da aka gama suturta shi, kowa ya fito da kwalbar gwajinsa ya sa masa a inda ya saba. Ni na sa a hannun dama. Mai gemu ya sa a wajen gemu, mai hula ya sa a wajen kai." Ya share ido da hannun riga. "Har ya tafi ko kwabo bai biya mu ba."

Na yi dariya, ina kuka ina dariya. Na ce, "Malam Idi, ya kai la'asar?"

Ya miƙo tafin hannunsa daga nesa, ya ce, "Mu da muka ɗauke shi, ga shi har yanzu bai sake mu ba."

Mutane sun ce wannan ya isa ya sanyaya mini zuciya. Bai isa ba. Abu ɗaya ya saya wa kansa a duniya, abu ɗaya ya roƙe ni, kuma yana ƙulle a zanena aka rufe shi. Sallah ta zo ta wuce, babu wanda ya ce a rufe ƙofa, babu wanda ya ce ya ragu. Na fito da kwalbar ni kaɗai na ɗaga saitin taga, idona ma ba ya ganin zaren. Hancina kuma ya mutu, ko daddawa aka jefa a miya sai an gaya mini. Ko na buɗe yanzu ba zan san abin da ya sa Yaya ya yi shiru a kasuwa ba. Kuma tun ranar babu wanda ya sake ce mini Auta.

Shi ya sa nake faɗa a gabanku duka, na gaji da asiri. Tana ƙasan adaka, daga hagu, cikin tsumman nan nasa. Na daina tafiya da ita ko'ina, ni ma na daina kwana a wani gari. Ranar da tawa ta zo, ku buɗe ku juye a likkafanina gaba ɗaya, kada ku rage ko ɗigo. Malamai sun ce ba a aika saƙo haka, na ji, ban musa ba. Amma kayan mutum ne a hannuna, kuma ba ni da wata mota da ta rage sai wannan.

Allah Ka jiƙan Yaya Haruna, Ka yafe masa gwajin da ya ci na bayinKa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka shaƙa masa ƙamshin da ba ya gushewa. Ni kuma Ka yafe mini jinkirina, Ka sa in isa da amanarsa. Amin.