Yadda Kawu Birgaje Ya Zaɓa Mini Bindiga

Duk wanda ya zauna da Kawu Birgaje ya san aljihunsa na dama ba ya rabuwa da kwanson harsashi guda uku: ƙarami kamar kan ɗan yatsa, matsakaici, da wani ƙato. Goro a hagu, kwanso a dama. In ya shigo kasuwar Buza, tun bai ɓullo ba za ka ji su kacau-kacau, sai masu aikin gaggawa su fara sulalewa. Don in Kawu ya zauna ya zube kwanson nan a tabarma, to ka yi bankwana da hantsinka. Ko maganar kuɗin taki aka fara, a bindiga za a ƙare. Wallahi har a wurin ɗaurin aure na ga ya jera su gaban liman!

Ga waɗanda ba su sani ba, yayan mahaifiyata Hadiza ne. Sunansa na yanka Shaibu, Birgaje kuwa muƙaminsa ne a aikin gandun daji, wanda ya yi tsakanin Keita da Buza har gashinsa ya yi fari. Aikin ya ƙare, sunan ya ƙi tafiya.

Ina da shekara talatin da shida na ƙudura sayen bindiga. Garkar albasa gare ni a kwarin Tama, zomaye sun mai da dashena tuwon gidansu, ga wani dila da ya matsa wa kajin matata Zali da 'yan awakinta. Kuma in faɗi gaskiya, akwai ƙwawa a ciki. Abokina Ila ya dawo biɗa, wato ci-rani, daga Abijan ya sayi wata babbar bindiga karabin da ake kira turwasan, mai madubin hange a kai, duk samarin Tama suna zuwa kallo. Da na bi hanyar doka parmi ya fito, wato takardar izinin riƙe bindiga, ban zame ko'ina ba sai gidan Kawu.

"Kawu, takarda ta fito. Turwasan nake so, irin ta Ila."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Madalla. Yaushe giwar tas shiga garkar taka?"

"Wace giwa, Kawu?"

"To zaki na?"

"Zomo ne, Kawu. Da dila."

"Zomo!" Ya juya wajen madafa ya ƙwala wa matarsa kira. "Rabi! Zaka ki ji! Ɗan Hadiza za shi yaƙi da zomo, igwa shika biɗa!"

Inna Rabi ta ce daga ciki, "Ka ƙyale yaro ya sha ruwa tukuna."

Sai ga kwanso a tabarma. Ya ce abin da ake cewa kalibar ba wani sihiri ba ne, kaurin harsashi ne da faɗin bakin bindigar da ke cinsa. Ya ɗaga ƙaramin. "Wanga ban-de na, lamba ashirin da biyu. Ba ta shuri, ba ta kurumta mutum, halsashinta kuwa ba ka sai da akuya kahin ka same shi. In ka halbi zomo da wanga, ka kai ma Zali nama." Ya ɗaga ƙaton. "In ka halbe shi da wanga, ka kai mata kunnuwa biyu da labari."

Na ce ni dai babba nake so, ba a yi mini dariya a Tama ba. Ya gama tauna goronsa. Can ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar karabin ɗinsa naɗe cikin zane, da gwangwanin tumatir a hannu.

Muka fita bayan gari, gindin dutse, inda babu hanya babu gona. Ya ɗora gwangwani kan wani falale, ya ƙirga taki hamsin da ƙafarsa, ya sa harsashi ɗaya ya miƙo mini.

"Bisimilla, sarkin yaƙi. Manna ta ga kahwaɗa."

Na manna. Na auna. Na ja kunama.

Jama'a, ni dai na san na ji ƙara, sai kuma na ga sama. Hulata can, ni nan zaune cikin ƙarangiya, kunnuwana na kuka kamar an sa mini gyare a ciki. Kawu bai ko dube ni ba. Ya taka a hankali har gindin dutse, ya duƙa ya duba gwangwani, ya dawo.

"Shina nan lahiya lau. Ya ce a gaishe ka da aiki."

Ina cire ƙaya daga wando, shi kuwa ya tsinci kwanson yana hura shi kamar mai jaje. "Shekara goma sha ɗaya halsashin ga shina gidana, bai taɓa ɓata ma kowa ba. Yau ya tahi a banza."

Amma a hanyar komawa ya dafa ni, a kafaɗar da ba ta ciwo. Ya ce, "Abdu, na gane ka. Ka rumtse ido tun ba ka ja ba. Wanda yaf fara da babba, tsoro shika koyo, ba halbi ba. Kuma tsoron nan in ya shiga kahwaɗa, ba shi hita."

Kwana biyar ban iya ɗaga tulu ba. Na ce wa Zali jaki ne ya shure ni. Ashe Inna Rabi ta riga ta aiko mata da labarin ta bakin mai motar kasuwa.

Haka dai na sauko. Muka ji wani Alhaji a Madawa, tsohon ma'aikaci, zai sayar da ban-de ɗinsa a mai da takardu da sunana. Muka tafi tare. Kawu bai yarda da kujera ba, bai yarda da shayi ba, sai da ya zare ƙarfen bindigar ya ɗaga bututun ya leƙa rana ta ciki. Ya leƙa ta gaba, ya leƙa ta baya, ya sa tsummansa ya goge, ya sake leƙawa. Har ya shinshina! Azahar ta yi, muka yi salla, ya dawo ya ci gaba da leƙe.

Alhajin ya gaji, ya ce, "Birgaje, ina da wata babba a ɗaki. Wannan ai bindigar yara ce."

Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, ita muka biɗa. Yaro nika saya ma. Ga shi nan zamne, ɗiyanai huɗu."

Kada ku ɗauka da an saya an gama. Mako uku Kawu bai bar ni na sa harsashi ba. Sai ya cusa tsohon kwanso a ciki, ya ɗora ƙwayar wake kan bututun, ya ce in auna in ja kunama, kada waken ya faɗi. Ya faɗi, ya sake faɗi. Kajin Inna Rabi suka gane, da sun ga na ɗauki bindiga sai su taru a ƙafafuna. Inna ta ce, "Ikon Allah, ban taɓa ganin mahalbin da kaji ke so kamar Abdu ba."

Kuma kafin kowane ja sai ya tambaye ni, "Mi ab bayanta?" Wato mene ne a bayan abin da nake aunawa. In ce dutse. "Bayan dutse hwa?" In ce Kawu, sama ce. "To ka tabbata." Ya ce ban-de ƙarama ce amma ba wasa ba ce, harsashinta in ya kuskure yana iya ƙetare gonaki bai gaji ba.

Da waken ya daina faɗuwa, sai ya fara ba ni harsashi uku duk ranar Juma'a da la'asar. Uku tak! Ni na saya da kuɗina, amma kwalin harsashin yana ƙarƙashin matashinsa. Wata Juma'a Ila ya biyo mu da turwasan ɗinsa, da 'yan kallo a bayansa. Aka ɗora gwangwani. Ila ya harba sau uku, dutse ya amsa, tsuntsaye suka watse, gwangwani ko motsi. Ni kuma tas, tas, tas, sau biyu ya yi tsalle, na ukun ya goge gefensa. Ila na murza kafaɗa yana cewa madubin ne ya goce.

Kawu ya ce, "A'a, Ila, ka yi ƙoƙari. Ƙarar ta yi kyau ƙwarai. Na tabbata har Urno an san ka sayi bindiga."

Da aka buɗe farauta a ranin nan na kawo wa Zali zabin daji biyu da zomo, kowanne da namansa cikakke. Saura dila.

Wata rana Kawu ya kwana wurinmu a Tama. Da safe rana ta ɗan ɗaga, muna shan koko a ƙofar gida, sai kaji suka ɓarke da kuka. Na ɗauko bindiga na zagaya, Kawu na bina. Ga dila a bakin garke, da babbar kazar Zali a bakinsa, ya tsaya cak yana dubanmu. Taki talatin bai kai ba. Na durƙusa, na auna daidai ƙirjinsa, yatsana kan kunama. Zali na bayana tana raɗa, "Halba mana! Halba!"

Sai idona ya wuce dilan. Bayansa shingen kara ne, bayan shingen kuma hanyar rijiya. Ba na ganin kowa, amma ba na ganin hanyar ma. Na ɗauke yatsa. Dila ya juya da kaza a baki, ya bi ta ƙarƙashin shinge, ya tafi abinsa ba ko sauri.

Zali ta ɗora hannu a kai. "Wayyo kazata! Wata uku ana koyon halbi, yau ga dila har gida an tsaya gaisawa da shi!"

Ba ta rufe baki ba, sai ga kan jaki ya ɓullo a ƙarshen shingen, daidai saitin inda na auna. Bayansa wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce da jarkunan ruwa, tana tafe tana waƙarta. Ta ɗaga mana hannu, "Kun kwana lahiya?" Ta wuce.

Na juya, na ga Kawu ya zauna a ƙasa, cikin kashin awaki, da farar rigarsa. Ya laluba goro bai samu aljihun ba. Can ya ce, "Ɗan Hadiza, zare halsashin." Na zare. Ya karɓa ya juya shi a tafinsa, ya mayar mini. "Daga yau kwalin shi zamna wurinka."

To, sai dai kun san Kawu. Ranar kasuwar Buza ya bi rumfa rumfa yana shela cewa ɗan ƙanwarsa ya zama babban maharbi. A ce, "Mi yah halba?" Ya ce, "Ko ɗaya! Shi na gwanintar!" Har yau akwai masu kirana Maharbi Mai Tausayin Dila. Shi dilan kuwa, da na tambayi Kawu yadda za mu yi da shi, sai ya ce, "Sari ƙaya ka kewaye garke, ka yi ma kaji akurki mai ƙohwa." Na yi, ɓarna ta tsaya. Na ce, "Kawu, me ya hana ka faɗa mini haka tun farko?" Ya ce, "Ka tambaye ni bindiga, ba ka tambaye ni dila ba."

Shekarun baya-bayan nan idonsa ya fara hazo, amma wa ya isa ya faɗa? In ya kuskure gwangwani sai ya ce tumatirin zamani ne, an rage masa girma. Rannan ya gai da turmin Inna Rabi har da tambayar mutan gida, ya ce ai da gangan ya yi.

Wata safiya ya aiko in zo. Na iske shi ya yi wanka, ya sa rigar salla, tsohuwar karabin na naɗe a zanenta, takardunta a hannu. Ya ce in raka shi ya miƙa ta ga hukuma. Na ce, "Kawu, ai ba wanda ya ce ka kawo." Ya ce, "Jiya na ga abu bakin gona, na rantse dila na. Ashe ɗan akuyar maƙwabta na. Idon da ba shi raba su bai kamata shi kwana ɗaki guda da bindiga ba."

Na miƙa hannu in ɗaukar masa, ya ƙi. Da ƙafa muka tafi, shi a gaba, ya rungume ta kamar jinjiri. Da muka isa ya miƙa ta, ya sa hannu a takarda, ya ƙame ya sara wa bindigar, muka fito. Inna Rabi ta ce a ranar bai ci tuwo ba.

Damina biyu bayan haka ya rasu, gero na fitar da kai.

Allah Ya jiƙan Kawu Shaibu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya yi tsoron cutar da bayinKa, ya Allah Ka amintar da shi daga duk abin tsoro. Ka ba Inna Rabi haƙuri, gidan ya yi mata shiru da yawa. Amin.