Muryar Maigidana a Rumbun Kamfani

Ina muryar mutum take tafiya idan aka rufe wurin da aka ajiye ta? Na tambayi limamin unguwarmu a nan Karaye, na tambayi wadda take rubuta min wannan. Haƙuri kawai ake ba ni.

Ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, ya yi shekaru yana aiki a Kano da wani kamfanin manhaja. Ni ban yi boko ba, abin da na sani daga bakinsa na ji, yana yi wa mahaifinsa bayani ina daga gefe ina tankaɗe. Ya ce suna yi wa masana'antun shinkafa da asibitoci da manyan shaguna abin da yake riƙe musu bayanan kaya da na ma'aikata a kwamfuta. Ba sayarwa suke yi ba, haya suke bayarwa. Kowace shekara sai ka sabunta, bayananka kuma suna wajensu, a cikin wasu injuna a wata ƙasa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, makiyayi ne tun tasowarsa. Ya yi dariya ya ce, "Wato saniya kuka samu da ake tatsa rani da damina. Ku ɗauke ni aiki mana."

"Baffa, ai ba ka iya kunna waya ba."

"Kai ka iya kama maraƙi?"

Duk zuwan da yaron nan zai yi gida, sai ya ajiye wayar aikinsa kusa da mahaifinsa tana ɗaukar murya, ya bar shi ya yi ta magana. Ya kira shanunsa ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, har waɗanda suka mutu tun muna zaune a wajen Beli. Ya ba da labarin burtalin da suke bi zuwa Zoza kafin gonaki su cinye shi. Ya tsokane ni a kan gishirin miyata, aka ji ni daga madafa ina ramawa. Yaron ya ce duk yana turawa can rumbun kamfaninsu, domin ana ba kowane ma'aikaci wuri kyauta, kuma can gara ba ta shiga, wuta ba ta ci.

A daminar bara maigidana ya rasu, na shiga takaba. Bayan sadakar arba'in yaron ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata, kansa a sunkuye.

"Inna, ko in kunna miki Baffa ki ji?"

Yayata ce ta amsa, ita take zaune da ni. "Mai takaba za ka kunna wa muryar miji? So kake ta yi ta kuka yana can yana shan nauyi? Bari ta fita tukuna, ai ba guduwa zai yi ba."

Wallahi ina so in ji. Amma tsakanina da ɗan fari magana ba ta tsawo, ban taɓa roƙonsa komai ba, ban kuma iya farawa a gaban yayata ba. Na juya fuskata bango. Ya daɗe a durƙushe kamar akwai abin da zai ƙara, sannan ya tashi.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na sa sabon zane, na aika ya zo. Ya zo da matarsa, ita ce ta yi maganar, shi yana kallon ƙasa. Ta ce dala ta tashi, ƙananan masu hayar suka kasa sabuntawa. Kamfanin bai faɗi ba, manyan suna nan suna biya, har an ce ya fi bara samu. Amma masu shi suka ce ribar wannan yanki ba ta kai yadda suke so ba, suka rufe ofishin Kano. Yaron ya je aiki da safe aka karɓi wayar, wurin ajiyarsa ya ƙi buɗuwa. Ya bi su, ya roƙa, aka ce na ma'aikacin da ya bar aiki gogewa ake yi, haka tsarin yake ga kowa. Lokacin da ya durƙusa a ƙofata ya riga ya fara jin raɗe-raɗin, bai dai zaci abin zai zo da sauri haka ba.

Na yi kukan da aka hana ni. Ban ga laifin yayata ba, abin da ta taras ana yi ta faɗa. Yaron kuwa har yau bai iya haɗa ido da ni ba, ga rashin aiki, ga wannan.

Abin da yake tsorata ni, muryar ta fara sulluɓe min. Ina tuna maganganunsa, amma da muryata nake jin su. Sunayen shanun ma rabi sun tafi. Magana ɗaya ce tak ta rage da nake ji da sautinsa, da ɗan kaushin nan na maƙogwaronsa, ina maimaita ta kowace safiya don kada ita ma ta bi sauran. Ya ɗauki sandarsa zai leƙa garke, ya tsaya a bakin zaure ya waiwayo.

"Ke, kar ki dama furar nan yanzu. Bari sai na dawo, mu sha tare."